Jan Alli a Kan Gilashi

Ranar Litinin aka dawo da gilashin daga garin Timaru. Moira ce ta je ta ɗauko shi, ta naɗe shi cikin tsohon bargo ta ajiye a kujerar gaba ta a-kori-kura, kamar mai dawowa da jinjiri daga asibiti. Ma'aunin nauyin iska ne mai fuska irin ta agogon bango, amma a kwarinmu ba mai kiransa da wani suna sai gilashi. Shekara saba'in yana rataye a lungun da ke tsakanin kicin da ƙofar baya, sai da ƙasa ta ɗan girgiza a watan Mayu ya faɗo, murfinsa ya tsage.

Ni na buga sabuwar ƙusa. Moira ta rataya shi, ta ja da baya tana goge hannu a wando. Mahaifinta, tsoho Murdo McCrostie, ya taso daga kujerarsa ta gefen murhu yana jan silifa. Shekarunsa tamanin da uku, kuma shekara biyu ke nan da kansa ya fara sakin abubuwa. Yakan manta ya ci abinci, yakan nemi karnukan da muka binne tun Moira tana firamare. Gonar ta koma hannun 'yarsa. Amma ƙwanƙwasa gilashi kam bai manta ba.

Kalmomi biyar ne a zagaye da fuskarsa: Guguwa daga ƙasa ta hagu, sai Ruwa, sai Sauyi a sama, sai Garau, sai Fari. Allura biyu gare shi. Baƙar ita ke tafiya da kanta. Ta tagullar kuwa da hannu ake murɗa ta a ɗora kan baƙar, don gobe a ga ko ta motsa.

Murdo ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa sau biyu. Baƙar allurar ta ɗan yi rawa ta tsaya. Tana can kan Guguwa, inda a shekara talatin da ɗaya da na yi ina kiwo a gidan ban taɓa ganin ta kai ba.

"Rewi," in ji shi, bai ko juyo ba. "Ku sauko da tumaki."

Na leƙa ta taga. Sama fes, ba ko ɗigon gajimare. Hayaƙin gidan maƙwabcinmu yana tashi a miƙe kamar igiya.

Tumaki ɗari tara da uku ke kan Kafaɗa, dukkansu da ciki. Kafaɗa ita ce gefen dutsen da ke fuskantar rana, can sama da gida, inda suke cin ciyawar dutse har ƙarshen Agusta. Sai lokacin muke sauko da su kan gonar kabejin dabbobi, su ci kwana arba'in kafin haihuwa. Bara an yi fari, kabejin bai tashi da kyau ba, ingiricin da ke rumfa ma ba zai kai ko'ina ba. In muka sauko da su yanzu, tsakiyar Yuli, wato tsakiyar hunturu a ƙasarmu, za su cinye abin da muka tanada don lokacin da cikinsu ya yi nauyi, su haihu ba nono. In muka bar su dusar ƙanƙara mai nauyi ta rutsa da su a Kafaɗa, sai dai mu tono su bayan ta narke.

Moira ta dubi allurar, ta dubi taga, ta dube ni.

"Kawu, ka ce wani abu mana."

"Bari mu ji Malama da safe," na ce.

Gida uku ne a kwarin, kuma kowace safiya ƙarfe bakwai muna haɗuwa a oba-oba. Malama Beryl Ashdown, wadda ta koyar a makarantar kwarin har aka rufe ta, ita ke karanta mana sanarwar ofishin yanayi, sannan ta ɗora nata hasashen a kai. A kicin ɗinta na koyi karatu ina da shekara arba'in da bakwai, shi ya sa ni kaɗai nake kiranta Malama har yau. Na ukunmu Dougal Pringle ne, wanda iyakarsa ta haɗu da tamu ta kudu.

Ranar Talata Malama ta karanta: rana, sanyi mai tsanani da asuba, babu wani abin tsoro kafin ƙarshen mako. Nata gilashin yana tsaye tsakanin Sauyi da Garau.

"Namu yana kan Guguwa," in ji Moira.

Sai muryar Dougal ta fashe da dariya har na'urar tana ƙara.

"Guguwa? Ke 'yar Murdo, kin tabbata ba kife shi kika yi ba? Gwiwata ko ƙaiƙayi ba ta yi, kea ko ɗaya bai sauko daga dutse ba. In guguwa na zuwa waɗannan ɓarayin tsuntsayen sun riga kowa sani, da tuni suna kan motata suna cin roba."

"Naka gilashin me ya ce?" Moira ta tambaya.

"Nawa tun ranar da na yi aure ya tsaya kan Sauyi, bai sake motsi ba. Ya gama faɗin abin da zai faɗa."

"Ku dakata," in ji Malama. "Moira, a ina aka gyara shi?"

"Timaru, wurin wani mai gyaran agogo."

"Shagon nasa ta ina yake?"

"Kusa da tashar jiragen ruwa. Daga ƙofarsa ana jin ƙarnin kifi."

"To ai shi ke nan. Bawan Allah ya yi aikinsa daidai, ya daidaita shi da iskar bakin teku. Ke kuma kika hau da shi mita ɗari biyar. Iska tana rage nauyi in an hau tudu. Gilashin bai san mota aka saka shi ba, shi a ganinsa duniya ce za ta tashi. Akwai ɗan sukuru a bayansa, ki murɗa har allurar ta zo inda tawa take."

"Ku ba shi shayi ya huta," in ji Dougal. "Gajiyar hanya ce."

Moira ta ɗauko sukundireba daga aljihun tebur, ta kai hannu za ta sauke gilashin. Ban san lokacin da Murdo ya taso ba, sai ganinsa na yi ya riƙe mata wuyan hannu.

"Effie, ba a taɓa bayansa. Ubana ya daidaita shi ranar da aka rataya shi."

Effie sunan matarsa ne, shekara tara da rasuwarta. Moira ta tsaya tana dubansa, sannan ta mayar da sukundireba cikin aljihun tebur a hankali.

"To, Baba. Ba zan taɓa ba."

A waje ta ce mini, "A bar masa kayansa. Mu dai mun san ƙarya yake yi." Ban tambaye ta ko gilashin take nufi ko tsohon ba.

Ranar Laraba Malama ta tafi Christchurch a cire mata yanar ido, za ta yi kwana goma. Karatun sanarwa ya koma hannun Dougal, wanda ke karantawa kamar mai tallar gwanjo. Ofishin yanayi ya raba ƙasarmu gida biyu, yankin fili da yankin duwatsu, kowanne da nasa hasashen. Layin da ya raba su, in ji Dougal, ta tsakiyar rumfar askinmu ya bi: tunkiya ta shiga ta ƙofar gaba cikin rana, ta fita ta baya cikin ƙanƙara. A ranar, na fili ya ce garau har Lahadi. Na duwatsu ya ce wataƙila iska ta juya kudu ranar Asabar.

"Sai ku zaɓi wanda ya yi muku," in ji shi. "Ni na ɗauki na fili, ya fi daɗin ji."

Da hantsi na shigo shan shayi. Moira ta fita duba famfon ruwan shanu da ya daskare, sai ni da Murdo. Ya ƙwanƙwasa gilashin, ya ce a sauko da tumaki, ya dawo ya zauna. Na zuba masa shayi. Ya kama ba ni labarin wata babbar ƙanƙara da aka yi yana saurayi, labarin da na ji ya fi sau ɗari. Wannan karon dokin da ke ciki ya canza suna sau biyu, kuma wani ƙanen ubansa da bai taɓa barin Scotland ba ya fito yana riƙe da shebur. Ban katse shi ba. Ba na katse mutane, kuma shayin da zafi.

Yana tsakiyar tono wani rago daga bayan shinge sai ya tsaya, ya ce da wata murya daban, irin wadda yake ba ni umarni da ita a da: "Ta fi jiya ƙasa. Ka duba." Sannan ya koma kan ragonsa.

Na tashi na duba. Allurar tagulla tana sama da baƙar da kamar faɗin yatsa. Da a da ne, wannan ya isa a ce nauyin iska yana sauka. Amma da idona na ga Murdo yana murɗa ta tagullar duk lokacin da ya wuce ta lungun, har sau uku tun safe. Ba ta shaida komai.

Na sa hannu a aljihun kwat na ji guntun jan allin da muke shaida tumaki da shi. Na ƙwanƙwasa gilashin, na rufe ido ɗaya, na ja ɗan gajeren layi a kan murfin, daidai bakin baƙar allurar.

Kafin magariba na sake zuwa. Allurar ta bar layin, ta yi ƙasa da kamar faɗin haƙorin tunkiya. Na ja na biyu. Moira ta same ni da allin a hannu.

"Kawu, murfin da na biya aka sa sabo kake shaidawa? Ciki gare shi?"

Na nuna mata layukan biyu.

"Malamarka ta ce a karkace yake," in ji ta.

"A karkace yake. Amma yana tafiya."

"Abin da aka jijjiga awa biyu a hanyar tsakuwa, don ya ci gaba da zamewa ai ba abin mamaki ba ne. Wataƙila cikinsa ne bai gama zama ba."

Zai yiwu hakan ne. Na tsaya a lungun ina duban layuka biyu na jan alli a kan abin da kowa ya yarda ya lalace, wanda kuma ba mai gaskata shi sai mutumin da ke kiran 'yarsa da sunan uwarta.

Ranar Alhamis na farka na ji ɗigar ruwa daga rufi. Iskar arewa mai ɗumi ta taso, raɓar da ta daskare mako biyu tana narkewa. Baƙar allurar ta ƙara yin ƙasa, wannan karon haƙori biyu. Na ja layi na uku.

Dougal ya karanta: yankin fili, ɗumi da iska. Yankin duwatsu, iskar kudu ranar Asabar, da 'yar ƙanƙara zuwa mita dubu, ko ƙasa da haka a wasu wurare.

"Waɗanne wurare?" Moira ta tambaya.

"Ba su faɗa ba, 'yar Murdo. Wasu dai. In naki na ciki za ki gani."

Kafaɗa ta fara ne daga mita ɗari takwas ta kai dubu da ɗari uku. 'Yar ƙanƙara ba ta kashe tunkiya, takan tone da ƙafa ta ci. Moira ta kashe oba-oba, ta zauna tana juya cokali cikin kunun da ya riga ya huce.

"Maganar dutse taka ce, Kawu. Tun Baba yana da lafiya haka take. Ni dai ka san kwana arba'in ne a gonar nan, ba arba'in da ɗaya ba."

Na so ta ce a'a, ko ta ce e. Na dubi Murdo ko zai ƙara wani abu, amma yana ta ƙoƙarin sa safa biyu a ƙafa ɗaya.

"Mu sauko da su," na ce. Ban ji daɗin muryata ba.

Mu biyu ne da karnuka shida. Moira ta bi ta saman, ni na bi ta tsakiya. Iskar tana ture mutum, kuma ɗumi har na cire kwat na ɗaura a ƙugu, a tsakiyar Yuli. Tumakin ba su ga dalilin sauka ba. Suna kwance a rana suna tuƙa, karenmu Clyde yana haushi har muryarsa ta dushe kafin su miƙe. Karyata Moss ta riƙa juyowa tana dubana, kamar tana tambaya ko na san abin da nake yi. Rana ta kusa faɗuwa muka tura na ƙarshe ta ƙofar gona. Na ƙirga ɗari takwas da saba'in da huɗu. Ashirin da tara sun maƙale a wani wuri, mai yiwuwa cikin Kwazazzabon Ƙaya, kuma haske bai isa a koma ba.

Ranar Juma'a ta fi ta Alhamis kyau.

"Ina kwana, mutanen guguwa!" Dougal ya buɗe da shi. "Na hango farar ƙanƙara ta rufe muku gonar kabeji, na ce wayyo, ashe tsohon ya yi gaskiya. Da na sa tabarau sai na ga ƙanƙarar tana da ƙafa huɗu tana ci. Rewi, kana ji na? Ko ka tafi gina jirgin Nuhu?"

"Ina ji," na ce.

"To ka ce wani abu mana."

"Ina ji dai."

Na wuni ina ja musu waya a gonar don kada su tattake fiye da rabon yini. Tunkiya mai yunwa a kan kabeji ba ta ɗaga kai. Ina tsaye ina jin ƙarar cin, kamar ruwa a kan kwano, ina lissafin wace ce cikinsu za ta rasa nono a watan Oktoba saboda ni. Da yamma na ja layi na biyar. Bai yi nisa da na huɗu da na ja da safe ba. Allurar ta kusa tsayawa.

Asabar da safe na ƙwanƙwasa, sai allurar ta yi tsalle sama. Ba kaɗan ba, ta haye layi biyu a lokaci guda. Na sake ƙwanƙwasawa don ko idona ne. Moira tana bayana da kofin shayi.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ko da a ce gaskiya yake faɗa, ga shi ya janye maganarsa. Ta hau. Kawu, ka mayar da su yau. Kwana biyu mun yi asara, kada ya zama uku."

Ni ma haka na fahimta. Sauka lalacewa, hawa gyaruwa, haka kowa ya sani. Iskar arewa ma ta fara laushi. Ina ɗaura takalmi Murdo ya zo ya ƙwanƙwasa, ya kai hancinsa kusa da murfin. Bai dubi ta tagullar ba, jajayen layukana ya bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Maigida."

"Ka yi daidai." Ya nuna baƙar allurar. "Ta iso."

"Me ya iso, Baba?" in ji Moira.

"Iskar kudu. Ita ce ke ture allurar sama. In ta sauka irin wannan sauka ta tashi farat ɗaya, to tana bakin ƙofa."

Moira ta dire kofin a kan tebur har shayin ya zuba.

"Haba Baba! In ta sauka guguwa, in ta hau ma guguwa? To yaushe ne ba guguwa ba? A ina za ta tsaya mu huta?"

Murdo ya dube ta, fuskarsa ta sake, kamar wanda aka tasa daga barci.

"Effie, yaran nan sun tafi makaranta?"

Ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta buɗe sai ta ce mini, ba da faɗa ba, "Ka ji dai da kunnenka. Ka mayar da su, Kawu. Wannan karon ni na ce."

Na kira karnuka na fita. Ban san wa zan bi ba. Ofishi ya ce 'yar kaɗan. Gwiwar Dougal ta ce babu. Gilashin ya ce ta wuce, ko kuma ya ce ta iso, ya danganta da wanda ya karanta. Mai gona ta ce a hau, kuma gonarta ce. Na buɗe ƙofa, Clyde ya yi haushi, tumakin suka fara kwarara cikin hanyar da ke tsakanin shinge biyu, wadda ke hawa zuwa Kafaɗa.

Ban kora su da sauri ba. Masu ciki ne, na ce wa kaina, ba a gaggauta su. Gaskiyar ita ce ƙafata ce ba ta son tafiyar. Awa guda muka yi kafin mu kai layin itatuwan fir da mahaifin Murdo ya dasa don tare iska, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Daga nan sai ƙofa ɗaya, sai dutse.

Ina kwance sarƙar ƙofar ne na lura ba na jin komai. Iskar ta ɗauke gaba ɗaya. Itatuwan da suka kwana uku suna kuka sun yi tsit. Tsohuwar tunkiyar da ke jan gaba, mai tsagaggen kunne, wadda kullum ita ke fara kutsawa, ta tsaya ta ɗaga hanci, sannan ta juya wa ƙofar baya. Na bi inda ta duba. Can ƙarshen kwarin, ta bayan gidan Dougal, sama ta yi baƙi daga ƙasa kamar gindin tukunya, kuma dutsen da ke wurin ya ɓace.

Na mayar da sarƙar. Na tura Moss ta zagaya, muka karkata su cikin ɗan filin da ke bayan itatuwan. Kafin na ƙarshe su shiga sanyin ya iso, ya bugi haƙorana kamar an watsa mini ruwan rijiya. Sai ga a-kori-kura tana hawowa da fitilu a kunne, da damin ingirici a baya. Moira ta diro ba hula.

"Ba ka buɗe ba?"

"Ban buɗe ba."

Ta kama hannun kwat ɗina ta riƙe. Ƙwayoyin dusar ƙanƙara na farko suna sauka a kan gashinta.

Kwana uku tana zuba. Ta kai mini ƙugu a tsakar gida, a jikin shinge kuwa ta shafe waya ta sama. Wutar lantarki ta tafi tun ranar farko. Da ta tsaya sai sanyin da ya fi ta mugunta ya biyo baya, ƙwai ya daskare a cikin kicin, gashin tumaki ya riƙa ƙara kamar an rataya musu ƙananan kwalabe. Kullum muna tura musu ingirici da tarakta, muna fasa ƙanƙarar kwamin ruwa da gatari. Bakwai suka mutu a bayan itatuwan, waɗanda 'yan'uwansu suka danne.

Rana ta biyar jirgi mai saukar ungulu ya ajiye ni da Moira a saman Kwazazzabon Ƙaya. Muka riƙa tattake hanya da ƙafa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, muna canzawa in na gaba ya gaji. Moss ce ta gano su, ta wasu ƙananan ramuka masu ruwan ɗorawa da numfashinsu ya huda. Goma sha ɗaya muka tono da rai a ƙarƙashin wani dutse, sun cinye gashin juna. Sauran sha takwas sai da bazara ta zo muka gan su.

Daga nan muka wuce wurin Dougal. Nasa dubu da ɗari biyu duk suna sama lokacin da ta zo. Kwana shida muna tattake masa hanya tare da mutanen da suka zo daga Fairlie. Bai yi wasa ko sau ɗaya ba. Ranar ƙarshe muna zaune a kan dami muna shan shayi daga fulas, ya ce, yana duban takalminsa, "Kai Rewi, tsakaninka da Allah, ka sani?"

"Ban sani ba."

"To me ya sa ka sauko da su?"

Na yi tunani sosai, don tambayar ta cancanci amsa. "Tsohon ya ce a duba, na duba."

"Tsohon da ya tambaye ni jiya ko ubana yana nan lafiya?"

"Shi."

Ya girgiza kai, ya zubar da sauran shayinsa a kan ƙanƙara.

Kafaɗa ba ta buɗe ba sai bayan kwana goma sha tara. Ingiricin ya ƙare, kabejin kwana arba'in ya koma na ashirin da shida. Moira ta sayar da shanu goma sha biyu don a rage baki, muka kuma roƙi kiwo a wata gona ta wajen Fairlie. Yadda haihuwar za ta kasance, a lokacin ba wanda ya sani.

Malama ta dawo da sabon ido, ta ji labarin duka a oba-oba ba ta katse ba. Da aka gama ta ce, "Rewi, gobe zan faɗa muku inda tawa allurar take, ku daidaita naku."

"Baba ba zai bari ba," in ji Moira.

"To ku yi yana barci."

Moira ta dube ni. Na ɗaga kafaɗa. Ta ce wa Malama za mu gani.

Da muka kashe na'urar ta ɗauko tsumma ta jiƙa, ta nufi lungun. Ta tsaya gaban jajayen layukan nan biyar, tsumman yana ɗiga a kan silifarta. Sai ta juya ta goge teburin da shi.

Murdo ya taso yana jan ƙafa. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa sau biyu. Allurar tana kan Guguwa, kamar jiya, kamar yadda za ta kasance gobe. A waje rana tana haska ƙanƙarar har ido ba ya iya kallo.

"Rewi," in ji shi. "Ku sauko da tumaki."

"Suna ƙasa, Maigida."

"Duka?"

"Kusan duka."

Ya gyaɗa kai ya koma kujerarsa. Na jira ya zauna, sannan na laluba aljihu na ciro allin.